Temo Mai Yi wa Jirage Tsawa

Mijin yayata, Temístocles Marrugo, wanda muke kira Temo, murya aka haifa, sauran jikin daga baya ya biyo. Ba tsawo, ba ƙiba, ga ɗan kai kamar kwakwa, amma in ya buɗe baki a nan unguwar Manga sai karnukan tsallaken ruwa su amsa. Yayata Nohemí ta ce ranar da ya fara gaya mata yana sonta a kunne ya raɗa mata, sai ga maƙwabta sun shigo taya babanmu murna. Ni ce Edilma, mai teburin kofi da arepa, wato wainar masara, a ƙofar matsayar jiragen ruwan masu kuɗi, inda shi ma yake aiki tun ina budurwa. Don haka ba labari aka ba ni ba, a kunnuwana abin ya ƙare.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne kama igiya. Jirgi ya iso, a jefo masa igiya, ya ɗaure a jikin ƙarfe, shi ke nan. Amma wa ya san shi da igiya? Jiragen nan da baya suke shiga mazauninsu, kowanne ya kutsa tsakanin 'yan'uwansa biyu, ratar da za ta rage ba ta isa mace mai jiki ta wuce ba. Ga iskar Disamba tana tura jirgi ta gefe. Mai jirgi yana can sama, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giyar inji biyu, gumi na tsiyaya, matarsa na kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya. A nan ne Temo yake gyara tsayuwa a kan gadar katako, ya cika ƙirji.

"Baya! Baya, likita! Baya na ce, ba lahira ba! Hagu! Hagunka, bawan Allah, ba hagun kakarka ba! Wai wa ya ba ka jirgi ne? Tsaya! Tsayaaa!"

Mutumin da ko haɗa ido ba a iya yi da shi a asibiti sai ka ga ya sauko, ya rungume Temo, ya cusa masa na lemo a aljihu. Ku gaya mini, a ina kuma a duk Cartagena talaka zai kira mai kuɗi wawa a gode masa?

Gaskiyar da ba a faɗa kuwa ita ce rabin umarninsa ba daidai ba ne. Yana fuskantar jirgi, jirgi na tahowa da baya, shi kansa bai taɓa tsayawa ya tantance hagun wa yake nufi ba. Masu jiragen ma ba kalmomin suke ji ba, tsoron muryar ne yake hana hankalinsu gushewa. In jirgi ya shiga lafiya, Temo ne. In ya daki gada, ai bai saurari Temo ba. Na taɓa gaya masa haka, ya ce in kula da man suyata.

Ana nan, wata Asabar wani likitan haƙori daga Medellín ya zo da sabon jirgi fari tas. Temo ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya ja numfashi.

"Baya!"

Jirgin ya tsaya cik. Sai ya fara tafiya ta gefe. Ta gefe fa, kamar ƙaguwa, hanci da gindi suna tafiya tare, ruwa na tafasa a ƙarƙashinsa. Likitan ma ba ya sama wurin sitiyari, yana tsaye a bayan jirgi da kofin lemo a hannu, ɗaya hannun a kan wani ɗan abu baƙi.

"Hagu!" in ji Temo. "A'a, dama! Kai, wannan wace irin tafiya ce?"

Jirgin ya juya a wuri ɗaya, ya sulala ya zauna a mazauninsa, ko taɓa na kusa bai yi ba. Likitan ya miƙo igiya yana murmushi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, baba. Ɗaure mana."

Sannu da ƙoƙari! Gara ma ya mare shi. Ranar Temo ko arepa bai ci ba.

Washegari Wilfrido makanike ya zauna a teburina ya warware mana. Ya ce sunan abin joyistik, mu dai muka sa masa suna ɗan yatsa, don bai fi babban yatsa tsawo ba. Ana huda hancin jirgi daga wannan gefe zuwa wancan a ƙarƙashin ruwa, a sa 'yar farfela a cikin ramin, a sa wata a gindi. Su ne suke tura ruwa gefe. Kai naka kawai ka karkata ɗan yatsa inda kake so jirgi ya je, kwamfuta ta raba aiki tsakanin manyan injuna da ƙananan farfelun. Ka murɗa shi, jirgi ya juya. Ka sake shi, ya tsaya inda yake ko iska na kaɗawa.

"Abin da aka huda wa hanci ai sa ne, ba jirgi ba," in ji Temo. "Jirgi mai mutunci gaba yake tafiya ko baya."

"Don Temo," in ji Wilfrido, da yake Don muke ce wa babba a nan, "jikata ma za ta iya ajiye shi."

"To ta zo ta ajiye ubanta."

Kun san masu kuɗi, abin da ɗaya ya saya sauran ba sa barci sai sun saya. Kafin iskar baɗi ta dawo, Wilfrido ya huda hancin kusan kowane jirgi a wurin, har ya yi tumbi. Matsayar ta yi tsit kamar asibiti. Da farko Temo bai karaya ba, sai ya koma bin jirgi da umarni. In ya ga ya karkata dama sai ya daka tsawa, "Dama!" sannan ya waiwayo ya dube mu, wai mun ga yadda ya ji magana. Abin dariya, abin tausayi. Ni dai dariyar na fi yi, Allah ya yafe mini.

Muryar da ba ta sami jirgi ba kuwa gida ta koma. Nohemí za ta sauke tukunyar shinkafa da kwakwa, sai ta ji daga bayanta, "A hankali! Hagu! Sauke!" Direban bas ya taɓa sauke shi a tsakiyar gada saboda ya hana shi tuƙi. Ranar jana'izar kawunmu, ana shiga da akwati ƙofar coci, ya tsaya a kan matakala yana, "Baya! Kun ci gefe! Wa ya ba ku gawa?" Fada da kansa ya fito ya roƙe shi. Yayata ta zo teburina tana kuka, ta ce, "Edilma, ko dai a samo wa mutumin nan jirgi, ko ni in shiga ɗaya in bar ƙasar."

Ita ma Yuranis, yarinyar da aka kawo ta shugabanci matsayar, ta kira shi. Ba muguwa ba ce, amma irin masu magana a hankali ɗin nan ce da ba a iya musu da su. Ta ce masu jirgi suna ƙorafi, sun zo hutawa ne ba sauraron zagi ba.

"Don Temo, jirgi ɗaya ya rage da ba shi da ɗan yatsa, na Alƙali Vergara. Shi ya ce a bar masa kai. Muddin jirginsa yana buƙatarka, kana kan gada. Ranar da aka sa masa, za ka koma ƙofar motoci."

Ƙofar motoci! Wurin da ake ɗaga ƙarfe a sauke. Ga Temo wannan da kabari duk ɗaya ne.

Alƙali Apolinar Vergara tsoho ne dogo, ya daɗe da yin ritaya, kullum cikin farar riga da baƙin tabarau. Jirginsa La Consentida ya kusa sa'ansa. Duk Lahadi yakan fita shi kaɗai, ba nisa, tsakiyar ruwa kawai inda babu abin karo, ya kashe inji ya zauna, can da yamma ya dawo. Shi ne mutumin da ya fi kowa shan zagin Temo. Tun jirgin yana can nesa, ɗan fari-fari, Temo zai fara: "Nan, Alƙali! Nan nake! Taho, tsohon banza, haka ka yi ta yanke wa mutane hukunci a karkace?" Ba ya yin shiru ko na haɗiyar yawu har sai igiya ta shiga hannunsa. Mu muna cewa rashin aiki ne ya sa yake farawa da wuri.

Daga ranar da Yuranis ta gindaya masa sharaɗin nan, Temo ya shiga yaƙi da ɗan yatsa. Ya baza cewa girgizar ƙananan farfelun tana kashe ƙarfin namiji, har mutum biyu suka je wurin Wilfrido a ɓoye suna tambaya. Ya ce kifi ba ya kusantar jirgi mai hudajjen hanci. Ya kunna wa Budurwar Carmen, waliyyiyar masu jirgi, kyandir a kan Allah ya sa kayan Wilfrido su ɓace a kwastan. In ya ga Wilfrido ya doshi La Consentida ko da wucewa ne, sai ya tare shi da tsintsiya.

Duk a banza. Alƙali yana da 'ya, Clemencia, mai son ubanta da irin son da ba ya tambaya. Da aka fitar da jirgin a kankare masa gindi, sai ta sa aka huda shi a asirce, wai kyautar ranar haihuwa. Ranar Juma'a aka mayar da shi ruwa. Ranar Asabar Yuranis ta miƙa wa Temo sabuwar hula mai tambarin ƙofa, ta ce, "A nan ka yi wa motoci yadda kake so. Amma in na sake jin muryarka a kan gada, ko ƙofar ma ka rasa ta." Ya karɓa ya kifa ta a ka, ya nufi ƙofa.

Ƙofar motocin tana dab da teburina, teburina kuma yana bakin ruwa. Ku riƙe wannan.

Lahadi Alƙali ya fita, wannan karon da Clemencia da ƙawayenta da kek. Da yamma suka dawo. Daga inda nake ina hango su, ta kama hannunsa ta ɗora a kan ɗan yatsa, tana nuna masa da murna. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce: "Baba, karkata shi kawai inda kake so ka je." Jirgin ya tsaya a bakin shiga. Ya daɗe a tsaye. Tsohon ya karkata kai gefe kamar mai jiran a kira sunansa, gada kuwa shiru.

Daidai lokacin motar ƙanƙara ta zo shiga da baya. Temo da tun jiya yake haɗiye murya ya saki duka a kanta.

"Taho! Taho! Nan nake, makaho! Taho!"

Sai na ga La Consentida ta taho. Ta gefe, gadan-gadan, ta nufo teburina. Ga mai yana tafasa a kasko, ga jirgi kamar bene yana matsowa, 'yan mata a sama suna tafi don sun ɗauka gwaninta ce. Na ce, "Wayyo Allah, Yaya Temo, jirgi zai ci arepa!"

Ya waiwayo, bakinsa a buɗe, ya rufe. Jirgin ya tsaya cik, saura ƙiris ya taɓa bango.

"Alƙali?" in ji Temo.

Jirgin ya ɗan matso.

Temo ya yi taku kaɗan zuwa dama ya ce, "Nan." Jirgin ya bi shi dama. Ya dube ni, na dube shi. Sai ya jefar da hular ƙofa a kan teburina ya zura da gudu ta bakin bango yana ihu, "Nan, Alƙali! Biyo ni! Nan!" jirgi na biye da shi a ruwa kamar akuya ta ga mai dusa. Ya yi kwana, jirgi ya yi kwana. Ya tsaya ɗaukar takalminsa da ya fita yana tsaki, jirgi ya tsaya yana jiransa. Mai ƙanƙara kuwa, da ya ji an ce biyo ni, shi ma ya biyo da baya har sai da ya taka mini bokiti.

A bakin gada Yuranis ta tare shi da hannu biyu. "Don Temo, me na gaya maka?"

"Matsa, 'yar nan!"

Da ƙarfi ya faɗa, don haka hancin La Consentida ya juyo ya nufo su su biyun. Yuranis ta ga farin bango yana tahowa, ta matsa ba shiri.

Ya kai mazaunin jirgin, ya tsaya a tsakiya, ya buɗe ƙirji. Rabon da in ji irin wannan zagi tun ina da ƙugu. Ya zagi alƙalancin, ya zagi tabaran, ya zagi wanda ya huda jirgin da wanda ya haife shi. La Consentida ta juya gindi ta shigo a hankali, tiryan-tiryan, har igiya ta faɗa hannunsa. Mutanen sauran jirage suka yi ta tafi.

Alƙali ya sauko yana dariya, ya buɗe hannuwa ya ce, "Marrugo, ɗan banza, ina ka shiga?" Temo ya riga ya sunkuya yana ɗaure igiya, ya yi shiru. Tsohon ya wuce shi, ya rungume turken fitila.

Tafi ya tsaya. Clemencia ta zo ta zare masa tabarau a hankali. Idanun sun yi fari kamar an ɗiga madara.

"Baba, tun yaushe?"

"Haske da duhu ina gani," in ji shi. "Sauran kuma Marrugo yana gani."

Ta juya kan Temo. "Kai ka sani?"

"Ranki ya daɗe, ni igiya aka ɗauke ni kamawa."

Ashe shekara da shekaru tsohon nan muryar Temo yake bi ya dawo gida. Ba hagu ko dama yake saurare ba, inda sautin yake fitowa kawai yake nufa. Temo ya sani, bai gaya wa ko Nohemí ba, mutumin da ba ya iya tambayar gishiri unguwa ba ta ji ba. Na ji haushinsa, na kuma ji kunyar dariyar da na yi ta yi masa.

Clemencia ta ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma wa zai ce ta yi ƙarya? Ta sa jirgin a kasuwa. Yuranis ta dawo wa Temo da hularsa, ta ce na ranar ta yafe saboda rai aka ceta, amma sharaɗi yana nan, daga yau ko tari ya kama shi a kan gada ya sauko ƙasa ya yi. Ya koma ƙofa. Yana ɗaga ƙarfe, yana saukewa. Nohemí ta ce a gida ma ya daina kula tukunya, ita da ta yi ta addu'ar a sami shiru sai ga ta tana ajiye abu a karkace da gangan ko zai tanka.

Wani mutumin Panama ya sayi jirgin. An ce ranar Talata da hantsi zai tafi da shi, amma ya ga ruwa ya kwanta, ya kama hanya tun ina hura wuta. Ba wanda ya tuna ya gaya wa gidan Alƙali.

Da hantsi sai ga motar Clemencia. Tsohon ya fito cikin farar rigarsa an goge ta, ya ce ya zo sallama da La Consentida. Clemencia ta hango mazaunin wayam, ta dafe baki. Ta dube ni, ni kuma na dubi kasko.

"Marrugo," in ji Alƙali, "kai ni."

Temo ya kama masa hannu. Suka hau gada, yana sunkuye a kunnensa yana raɗa, raɗa ta gaske wannan karon, "A hankali, akwai igiya. Ɗaga ƙafa." Na bar mai a wuta na bi su. Yuranis ma ta fito daga ofis ta tsaya, hannu a harɗe. Suka kai bakin mazaunin. Ba komai a ciki sai ruwa da wata ledar biskit tana yawo.

"Ban ji inji ba," in ji tsohon.

"Sabon yayi ne, Alƙali. Tun da aka huda ta ba ta ƙara."

"Mutumin ya iya kuwa? Tana da jan hagu in za ta fita."

"Bai iya ba. Da ganinsa wawa ne."

"To me kake jira? Fitar mini da ita lafiya."

Temo ya waiwaya ya dubi Yuranis. Ita ma shi take kallo, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya cire hular ƙofa, ya miƙa mini, ya gyara tsayuwa a gaban ruwan da ba kowa.

"Saki igiya! Gaba! A hankali, ɗan Panama, ba keken ubanka ba ne! Tana jan hagu, ba ka ji mai ita ya faɗa ba? Dama! Haka! Miƙe!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan turaku. Masu jirage suka leƙo, suka ga abin da ake yi wa tsawa, ba wanda ya yi dariya. Wilfrido ya kashe injin da yake gwadawa. Temo ya yi ta yi, yana rage zagin kaɗan-kaɗan yana ɗaga murya, kamar jirgin yana ƙara nisa, har ya kai shi bakin fita. Tsohon ya ɗaga hannu yana kaɗawa, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau.

"Ta fita?"

"Ta fita, Alƙali. Ko ƙwarzane babu."

Da suka juyo, Yuranis ta miƙo hannu, ni kuma na ba ta hular, don na san abin da take nufi, shi ma ya sani: aikinsa ya ƙare. Bai tsaya a ƙofa ba. Ya raka tsohon har mota, ya kare masa kai da tafin hannu kada ya bugu, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran arepa mai ƙwai ya kai wa Nohemí.